Wilma Rudolph: yarinyar da shan-inna ta kama, ta girma ta tsere wa matan duniya

An haifi Wilma Rudolph ranar 23 ga Yuni, 1940, a wani ƙauye kusa da garin Clarksville da ke jihar Tennessee a kudancin Amurka. Bakwaini aka haife ta, nauyinta kilo biyu kacal. Ita ce ta 20 cikin 'ya'ya 22 da mahaifinta Ed ya haifa da matansa biyu. Shi uban dako yake yi a tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarta Blanche kuwa aikatau take yi a gidajen mutane.

Tun tana ƙarama cututtuka suka yi mata caa, daga ciwon huhu sai zazzaɓi mai tsanani. Tana wajen shekara biyar shan-inna ta kama ta, ƙafarta ta hagu ta raunana, sai da aka sa mata takalmin ƙarfe. A lokacin babu allurar rigakafin wannan cuta, sai a 1955 ta fito.

Kudancin Amurka a wancan zamani ƙasar wariyar launin fata ce. Makaranta daban, asibiti daban, ko a mota baƙar fata kujerun baya ne nasa. Maganin da yarinyar ke buƙata babu shi ga baƙaƙe a garinsu, don haka Blanche ta riƙa ɗaukarta a bas duk mako zuwa asibitin kwalejin likitoci ta Meharry a birnin Nashville, tafiyar kimanin kilomita 80. Shekara biyu suna wannan zirga-zirga. A gida kuma uwar da yayyenta suka riƙa karɓa-karɓa suna yi wa ƙafar tausa sau huɗu a rana. Sannu a hankali ƙafar ta yi ƙarfi, kafin ta wuce shekara 12 ta ajiye takalmin, tana takawa da ƙafarta kamar kowa.

To, da ta samu ƙafa ai ba ta zauna ba. Ta shiga ƙwallon kwando a makarantar sakandare ta Burt, wadda ta 'ya'yan baƙaƙe ce zalla. A nan Ed Temple, mai horar da 'yan mata masu tsere a jami'ar Tennessee State, ya ƙyalla ido ya gan ta, ya jawo ta cikin ɗalibansa. Tana da shekara 16 ta je gasar Olamfik ta 1956 a Melbourne, ƙasar Ostareliya. An fitar da ita tun zagayen farko a gudun mita 200, amma ita da abokanta uku suka ci lambar tagulla a tseren miƙa sanda.

A 1958 ta haifi 'yarta ta fari, sannan ta shiga jami'a ta ci gaba da atisaye. A watan Yulin 1960 ta yi mita 200 cikin daƙiƙa 22.9, gudun da babu macen da ta taɓa yin irinsa. Bayan 'yan makonni sai gasar Olamfik ta birnin Rum, a Italiya. Ta cinye mita 100 cikin daƙiƙa 11.0, sai dai ba a rubuta shi a matsayin sabon tarihi ba saboda iskar da ke kaɗawa ta bayansu ta wuce ƙa'ida. Ta cinye mita 200. A tseren miƙa sanda, ita ce ta ƙarshe, saura ƙiris sandar ta suɓuce wajen karɓa, amma ta riƙe, ta kamo Bajamushiyar da ke gabanta ta wuce. Su huɗun duka ɗaliban Temple ne. Haka ta zama mace ta farko daga Amurka da ta ci zinare uku a wasannin guje-guje a gasa guda.

Da mutanen Clarksville suka shirya yi mata tarba, sai ta kafa sharaɗi: ko dai a haɗa baƙi da fari wuri ɗaya, ko kuwa a yi bikin ba da ita ba. Hukumomin gari suka sakko. Bikin 4 ga Oktoba, 1960, shi ne taron gari na farko da aka yi a Clarksville ba tare da wariya ba. Ku tuna fa, shekararta 20 a lokacin.

A 1961 ta kafa tarihin duniya a mita 100 da daƙiƙa 11.2, a 1962 kuma ta yi ritaya tana da shekara 22. A zamaninsu ba a biyan 'yan tsere, lambobin zinaren ba su zame mata dukiya ba. Ta kammala digirin koyarwa a 1963. A shekarar ta zo Afirka ta Yamma, ta halarci wasannin sada zumunta a Dakar, ta ziyarci Ghana, Gini, Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Tana komawa gida ta shiga zanga-zangar neman a buɗe wa baƙaƙe gidajen cin abinci na garinsu. Daga nan ta kama alli, tana koyar da 'yan aji biyu a firamaren Cobb, inda ita ma ta yi karatu, tana kuma horar da 'yan tsere a Burt. A 1981 ta kafa gidauniya don horar da yara wasanni.

Ciwon dajin ƙwaƙwalwa ne ya yi ajalinta ranar 12 ga Nuwamba, 1994, tana da shekara 54.

Duniya ta riƙe daƙiƙa 11 na birnin Rum, amma kafin su akwai shekarun da wata mai aikatau ta yi tana hawa bas da 'yarta, da hannuwan 'yan uwa da ba su gaji da tausa ba. Duk gidan da ke da yaro mai raunin ƙafa, kada a yi saurin yanke masa ƙauna a bar shi a zaure ko a tura shi bara. Ba kowa ne zai warke kamar Wilma ba, amma kowane yaro ya cancanci a kai shi asibiti, a kuma sa shi makaranta.