Sarkin Musulmi Attahiru Na Ɗaya, Gwarzon Burmi

Marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu Atiku, ya hau gadon sarauta a watan Oktoba 1902, sa'ad da rundunar Gwamna Lugga ke shirin mamaye ƙasar Hausa. Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bindigogi masu jigida suka rinjayi masu da takubba, Turawa suka shiga Sakkwato.

Attahiru ya ƙi miƙa wuya. Ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Duk garin da ya ratsa, sai talakawa da malamai su bar gidajensu su bi shi. Wannan ya tayar wa Turawa hankali, ko da yake sun riga sun naɗa Attahiru na biyu a gurbinsa.

A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, aka yi karon ƙarshe ran 27 ga Yuli 1903. Nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, inda zuriyarsu ke zaune har yau. Allah ya jiƙansa, amin.