Rabilu Musa Ibro: Gandireban Da Ya Zama Sarkin Barkwanci

Duk Bahaushen da ya zauna Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu a zamanin kaset ɗin bidiyo ya san Ibro, domin da wuya motar kaya ta sauko daga Kano ba a sami sabon wasansa a ciki ba.

Sunansa na yanka Rabilu Musa. An haife shi a shekarar 1971 a ƙauyen Ɗanlasan, cikin ƙasar Kano. Ya yi firamare a garinsu, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. To, amma bai zauna kan alli da allo ba, sai ya shiga aikin gandiroba a 1991, ya yi shekara 8 yana tsaron fursunoni. Tun yana cikin kaki yake taɓa wasan daɓe da abokansa, har ran da ya ga bariki ba za ta riƙe shi ba, ya ajiye aiki ya rungumi fim.

Abin da ya ɗaukaka shi shi ne kwaikwayon talaka. Yau ka gan shi baƙauye ya shigo birni, gobe boka, jibi ɗan Fulani, kullum da wayon da ƙarshensa ke kai shi ya baro. Mutane suna dariya ne saboda kowa ya san irin wannan mutum a unguwarsu, wani lokaci ma shi ne da kansa. Manya su ma ba su tsira ba: a 2002 ya fito a Ibro Usama, yana kwaikwayon Usama bin Ladan, wasan da ya jawo masa faɗan waɗansu malamai.

Barkwanci kuwa yana da tsada. A watan Oktoba na 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta matsa wa 'yan fim, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Hukuma ta ce rawar ciki ta saɓa tarbiyya, jama'a da yawa kuwa suka ɗauka waƙar Mamar ce ta jawo, watau waƙar da ake ganin shaguɓe ce ga irin yadin da Gwamna Ibrahim Shekarau ke sawa. Ikon Allah, wanda ya riƙe mabuɗin kurkuku, ga shi an kulle shi a ciki. Da ya fito bai fasa sana'arsa ba.

Ciwon ƙoda ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ran Laraba, 10 ga Disamba, 2014, aka yi jana'izarsa a Ɗanlasan. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.