Elizabeth Fry, Uwar Fursunoni

A wannan fitowa za mu dubi rayuwar wata baiwar Allah wadda ba 'yar Katolika ba ce. An haifi Elizabeth Fry a Norwich, ƙasar Ingila, a 1780, cikin gidan attajirai mabiya ɗarikar Kwaka, masu kiran kansu Abokai. Ba su da firist, ba su da sakramenti, a nan muka rabu da su. Amma sun gaskata akwai hasken Allah cikin kowane mutum, har da mai laifi.

A 1813 ta shiga kurkukun Newgate a Landan. Ta tarar da mata cunkushe da 'ya'yansu, waɗansu ba a ma yanke musu hukunci ba, suna kwana a ƙasa cikin tsummoki. Ta komo da tufafi. A 1817 ta buɗe wa yaran makaranta, ta sa aka koya wa uwayen ɗinki, tana karanta musu Littafi Mai Tsarki. Shekara ta zagayo ta ba da shaida gaban kwamitin majalisa, dokar 1823 kuwa ta umarci gandirobobi mata su riƙa tsaron mata.

Uwar 'ya'ya 11 ce, har aka zarge ta da sakaci da gidanta. Jarin mijinta ya karye a 1828, duk da haka ba ta fasa ba, sai da ta rasu a 1845.