Muhammad al-Kashinawi

Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi (ya rasu a 1741) malamin lissafi ne, masanin taurari da nahawun Larabci, Bafillace daga Katsina. An fi saninsa da rubutunsa kan ilimin aufaƙi, wato jera lambobi a gidajen murabba'i ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai da ta sauran. Hausawa sun san irin wannan zane da sunan hatimi.

Karatu

Ya yi karatu a wurin malaman ƙasar Hausa da Borno. Cikinsu akwai Muhammad al-Wali na Bagarmi, da Shehu Muhammad Bindu, wanda ya koya masa hisabi da aufaƙi. A zamanin, Katsina cibiyar ilimi ce da fatauci, ɗalibai suna zuwa mata daga nesa.

Hajji da zaman Alƙahira

Al-Kashinawi ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar, yana karantarwa da rubutu. Ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti. A wannan gida ya rasu a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741. Ya bar wasiyyar littattafansa a hannun Shehu Hasan, aka binne shi a Alƙahira. Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga littafin Abdurrahman, Aja'ib al-Athar.

Littattafai

Daga cikin ayyukansa akwai Bahjat al-Afaq na 1732, kan ilimin haruffa da aufaƙi. Al-Durr al-Manzum, kan taurari da ɗalasimai. Da Bulugh al-Arab, kan nahawu.

A Bahjat al-Afaq ya bayyana hanyoyin gina murabba'in da yawan gidajen gefensa mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko a kwance aka tara, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimilla 15 ce. A mai gida 25 jimillar 65 ce. Amfanin hanyoyinsa shi ne ba a cika gidajen da lalube. Akwai ƙa'idar da ke nuna inda kowace lamba za ta faɗa, kuma tana aiki komai girman murabba'in. Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikinsa ga masu karatu na Turanci a littafinta Africa Counts na 1973.

Dangantaka da tsara jadawali

Matsalar jera abubuwa a gidaje bisa sharaɗi ta ci gaba a lissafi bayan zamaninsa. A 1782 aka buga binciken Leonhard Euler kan murabba'in Latin, wanda shi kansa ya ɗauka a matsayin sabon nau'in murabba'in aufaƙi. A cikinsa kowace alama tana fitowa sau ɗaya tak a kowane layi, na kwance da na tsaye.

Jadawalin jarrabawar jami'a yana da irin wannan sharaɗi. Kada ɗalibi ya sami takarda biyu a lokaci guda, kada a ba zaure ɗaya ɗaliban da suka fi kujerunsa, kuma a gama cikin kwanaki kaɗan. In aka yi kuskure, ɗalibi na iya rasa jarrabawa ya maimaita kwas. A 1967 Welsh da Powell suka fitar da hanyar da ake fara ba kwasa-kwasan da suka fi karo da wasu lokacinsu, sannan a cike saura. Yau kwamfuta ke yin wannan aiki, amma har yanzu ana neman ƙa'idar da za ta ba kowane abu gidansa ba tare da karya sharaɗi ba, kamar yadda al-Kashinawi ya yi da lambobi.