Tarihin Frank Capra, Gwanin Sinima da Aka Sa Ya Faɗa wa Sojoji Dalilin Yaƙi

Tun da aka ƙago sinima masu mulki suke ɗora mata buri. Gwamnatoci da jam'iyyu da yawa suna zaton in sun sami gwanin da zai tsara musu hotuna yadda suke so, to zukatan jama'a sun zo hannu, tun da Hausawa ma sun ce gani ya kori ji. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka yi wa wannan zato an yi shi ne a ƙasar Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a kan aikin wani mutum mai suna Frank Capra. Ga tarihinsa.

An haife shi ran 18 ga watan Mayu na shekara ta 1897, a wani ƙaramin gari da ake kira Bisacquino, cikin tsibirin Sisili na ƙasar Itali. Iyayensa talakawa ne manoma. A 1903 talauci ya kore su daga gida, suka shiga jirgin ruwa, can ƙasa inda ake cunkushe marasa hali, suka ƙetare teku zuwa Amurka, suka yi zango a birnin Los Angeles. Yaron ya tashi yana tallan jarida a bakin titi kafin ya tafi makaranta da bayan an taso. Iyalinsa sun fi son ya bar karatu ya kama aiki, amma ya nace har ya shiga babbar makarantar fasaha ta Throop, wadda daga baya aka sa wa suna Caltech. Ya fita a 1918 da takardar injiniya ta fannin haɗa sinadarai.

Takardar ba ta ba shi abinci ba. Ya yi ɗan zama cikin soja yana koyar da lissafi, sa'an nan ya yi shekaru yana buga-buga, har ya faɗa cikin sana'ar sinima. Da farko aikinsa ƙago abin dariya ne ga masu wasan kwaikwayo, daga nan ya zama mai tsara fim a kamfanin Columbia, wanda a lokacin ba ya cikin manya. Capra ne ya ɗaga shi. Fina-finansa uku, na 1934 da na 1936 da na 1938, kowanne ya jawo masa lambar Oscar ta gwanin tsara fim. Labarinsa kusan kullum guda ne: mutumin kirki marar gata ya yi karo da masu kuɗi ko ƴan siyasa maha'inta, a ƙarshe gaskiyarsa ta fisshe shi. A 1939 ya yi fim a kan wani saurayi da aka naɗa ɗan majalisar dattawa ya tona asirin masu cin hanci. Ƴan majalisa da yawa suka fusata, talakawa kuwa suka cika gidajen sinima.

Ran 7 ga watan Disamba na 1941 jiragen saman Japan suka kai hari a kan sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor, ƙasar ta shiga yaƙi. Capra ya bar daular da yake ciki ya koma soja da muƙamin manjo. A farkon 1942 babban hafsan sojojin ƙasa, Janar George Marshall, ya kira shi. Matsalar janar ɗin ita ce, ana kwaso samari miliyoyi daga gonaki da masana'antu ana sa musu kaki, alhali da yawansu ba su san inda Poland ko Manchuria suke ba, balle dalilin da zai sa su mutu a hayin teku. An gwada sa hafsoshi su riƙa yi musu lacca, amma abin bai ci ba. Saboda haka Marshall ya umarce shi ya shirya fina-finan gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, waɗanda za su bayyana wa soja abin da ya kawo yaƙin.

Capra bai taɓa yin irin wannan fim ba. Ya tafi birnin New York ya kalli fim ɗin da wata Bajamushiya, Leni Riefenstahl, ta yi a kan babban taron jam'iyyar Nazi na 1934 a birnin Nuremberg, inda aka nuna jirgin Hitila yana saukowa daga cikin gajimare, dubban mutane kuma sun jeru sahu-sahu suna yi masa mubaya'a. Bisa ga abin da ya ba da labari daga baya, fim ɗin ya tsorata shi ƙwarai, amma a nan ne dabara ta faɗo masa: ya ɗauki hotunan da abokan gaba suka yi da hannunsu don yabon kansu, ya yayyanka su, ya sake jera su, ya ɗora musu wata murya, har abin da aka yi don burgewa ya koma abin ƙyama.

Tsakanin 1942 da 1945 shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Anatole Litvak, suka fitar da fina-finai bakwai a ƙarƙashin suna guda, Why We Fight, wato dalilin da ya sa muke yaƙi. Na farko ya nuna mafarin rikicin, biyu sun bi yadda Jamus ta mamaye ƙasashen Turai, sauran kuma sun yi magana a kan Ingila da Rasha da Sin da shigar Amurka kanta. Kamfanin Disney ne ya zana taswirori masu motsi, inda ake ganin baƙin launi yana malala yana cinye ƙasa bayan ƙasa. Aka wajabta wa sababbin sojoji kallonsu. Na farkon ya ci lambar Oscar, Shugaba Roosevelt ya so a nuna wa farar hula, Churchill ma ya sa aka nuna su a Ingila.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka cewa gaskiya ce tsantsa. Hotunan akasarinsu na gaske ne, zaɓen ne yake da ɓangare. Fim ɗin Rasha ya yabi jaruntakar mutanenta, ya yi shiru a kan yarjejeniyar da Stalin ya ƙulla da Hitila a watan Agusta na 1939. Fim ɗin Sin ya rufe ido ga rikicin da ke tsakanin gwamnatin Chiang Kai-shek da ƴan kwaminis. Wani fim kuma da sashen Capra ya fitar a 1944 a kan sojoji baƙar fata ya nuna su cikin mutunci, abin da ba a saba gani ba a sinimar zamanin, amma bai ambaci cewa rundunar da suke yi wa aiki tana ware su daga farare ba. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umurnin kawar da wannan wariya.

Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran farfagandar zamanin shi ne, hukumar soja ba ta tsaya ga tafi da yabo ba, ta sa aka auna. Akwai wani ofishin bincike a ƙarƙashin Samuel Stouffer, inda masana halayyar ɗan Adam irin su Carl Hovland da Arthur Lumsdaine da Fred Sheffield suke aiki. Sukan tafi barikin horo su zaɓi ƙungiyoyin sojoji masu kama da juna, a nuna wa wasu fim, a bar wasu ba su gani ba. Bayan ƴan kwanaki sai a raba wa duka takardar tambayoyi, ba a rubuta suna, ba a kuma gaya musu cewa saboda fim ɗin ne. Duk bambancin da ya fito tsakanin kashi biyun, aikin fim ne.

Sakamakon, wanda aka buga cikin littafi a 1949, ya kasu hawa uku. A wajen sani, fim ya yi aiki sosai. Misali, da aka tambaya abin da ya hana Jamusawa ragargaza jiragen saman Ingila a ƙasa, mafi yawan waɗanda suka kalli fim sun san cewa Ingilishi sun warwatsa su ne a gefen filayen sauka, cikin waɗanda ba su kalla ba kuwa kaɗan ne suka sani. A wajen ra'ayi kan wani abu takamaimai da fim ya yi bayani a kansa, an sami canji matsakaici. Amma a wajen abin da Marshall ya fi bukata, wato ƙara wa soja son zuwa fagen daga da ƙin abokan gaba, kusan babu bambanci tsakanin wanda ya gani da wanda bai gani ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Samarin nan sun shigo bariki da ra'ayinsu tun daga gida, kuma yawancinsu sun riga sun yarda cewa yaƙin ya zama dole tun ranar harin Japan, saboda haka babu sauran wuri mai yawa da za a tura su. Son zuwa yaƙi kuwa ba a kan labarin Poland ya rataya ba. Ya rataya ne a kan mata da ƴaƴa da aka bari, da tsoron mutuwa, da abin da abokan ɗaki suke faɗi da dare. Wani bincike na ofishin Stouffer ya nuna cewa abin da ya fi riƙe soja a cikin wuta shi ne addu'a, da kunyar yasar da ƴan'uwansa, da ƙosawa a gama a koma gida.

Masanan sun gano wasu abubuwa biyu kuma. Da suka sake yin tambayoyi bayan mako tara, sai suka tarar an manta da yawa daga cikin bayanan, amma wasu ra'ayoyi sun ƙara karkata wajen abin da fim ya nufa fiye da yadda suke bayan kwana biyar. Sa'an nan a 1945 suka gwada shirin rediyo iri biyu a kan cewa yaƙi da Japan zai daɗe: ɗaya ya kawo hujjar ɓangare guda, ɗayan ya kawo ta duka biyu. Mai ɓangare guda ya fi tasiri ga waɗanda dama sun yarda da maganar da masu ƙarancin karatu. Ga masu ilmi da waɗanda suka fara da musu, wanda ya faɗi hujjar abokin hamayya shi ya fi jan hankalinsu.

Capra ya bar soja a 1945 da muƙamin kanar, Marshall ya maƙala masa lambar yabo da hannunsa. Amma tauraronsa bai sake haske kamar da ba. A 1946 ya fitar da It's a Wonderful Life, labarin mutumin da bashi ya kai shi ga tunanin kashe kansa, har aka nuna masa yadda garinsu zai lalace in da ba a haife shi ba. Fim ɗin bai mayar da kuɗin da aka kashe ba, kamfanin da ya kafa da abokansa kuma aka sayar. Ya yi wasu fina-finan kimiyya domin telebijin, ya yi fim ɗinsa na wasan kwaikwayo na ƙarshe a 1961, ya buga tarihin rayuwarsa a 1971. A 1974 aka yi sakacin sabunta takardar mallakar wancan fim na 1946, tashoshin telebijin suka samu a arha, suka riƙa nuna shi kowace Kirsimeti, har ya zama wanda aka fi tunawa da shi cikin dukan aikinsa. Ya rasu ran 3 ga watan Satumba na 1991 a garin La Quinta na jihar Kaliforniya, yana da shekara 94.

Duk wanda aka ɗora wa aikin wayar da kan jama'a yana da rabo a cikin wannan tarihi. Gwanin da ya fi kowa a zamaninsa, da kuɗin gwamnati a bayansa, da masu kallo waɗanda ba su da ikon tashi su fita, ya iya koya wa sojoji abin da ba su sani ba, amma bai iya sa su so abin da ba su so ba. Fim na sa'a guda yana zuba sani a ka, yana kuma ƙarfafa wanda dama ya yarda. Wanda yake da ja kuwa, ba a samunsa sai an faɗi hujjarsa a gabansa, an amsa ta, an kuma ba shi lokaci.