Lord Baden-Powell, Uban 'Yan Sikawut

An haifi Baden-Powell a Landan cikin 1857. Soja ne, ya yi aiki a Indiya, ya kuma shiga Kumasi da rundunar Ingila cikin 1896.

Cikin 1907 ya kai yara 20 zango a tsibirin Brownsea, ya koya musu bin sawu da taimakon mutane. Da littafinsa ya fito cikin 1908, sai yara suka dinga kafa ƙungiyoyi barkatai, ba babba a kansu, abin da ba shi yiwuwa ya ɗore. Saboda haka ya bar soja cikin 1910, ya duƙufa neman iyaye da malamai masu lura da su, ba albashi. Ƙannensu kuwa suka nace, har ya buɗe musu nasu reshe cikin 1916.

Ya rasu a Nyeri, ƙasar Kenya, ran 8 ga Janairu, 1941.