Janaki Ammal, matar da ta yi wa rake da furanni aure

Mu nan Sassumbrum mun san mangwaro mai aure, mun kuma san raken fadamun Korama. To yau ga tarihin wata ƴar Indiya da ta kai auren tsirrai har can cikin ƙwayar halitta.

An haifi Janaki Ammal a 1897 a garin Talaseri, kudancin Indiya. Karatu ya kai ta Jami'ar Mishigan ta Amurka, ta samu digirin dokta a 1931. Da ta komo gida ta kama aiki a cibiyar rake ta Koyimbatur, tana barbarar rake da danginsa na daji don a samu irin da ya dace da ƙasarsu. Har da masara ta haɗa shi! Amma zaman bai yi mata daɗi ba: mace ce, ba ta da aure, kuma daga zuri'ar da ake rainawa a can.

Sai ta tafi Ingila. A lambun Wizili, daga 1946, ta riƙa sa wa ƴan tsiron itatuwan ado maganin kolcisin, wanda ke ninka kuromozom, wato zaren gado da ke cikin kowace ƙwaya. In ya ninku, ganye kan yi kauri, fure ya ƙara girma. Wata itaciyar magnoliya mai farin fure tana ɗauke da sunanta har yau.

Firaminista Nehru ya kira ta gida ta gyara hukumar binciken tsirran Indiya. Ta rasu a Madras a 1984, tana da shekara 86.